Abin da tankokin Armeniyawa suka koya min a masta

Na karɓi takardata na bar sashen tarihi, to bari in faɗi abin da ke raina ko ƴan baya za su amfana.

Bincikena a kan rundunar tankoki ta 119 ta sojan Sobiyet a Yaƙin Duniya na Biyu ne, wadda ake kira Sasuntsi Davit, sunan wani gwarzo na tatsuniyar Armeniyawa. Ranar da na kai taken sufabaizana ko zama bai ce in yi ba, ya ce wa ya damu da Armeniya, ka je ka rubuta kan sojojinmu da suka yi yaƙi a ƙasar Bama. Na ce ranka ya daɗe a duba dai. A 1943 cocin Armeniya ƙarƙashin Gevorg Chorekchian, mai riƙon ƙwarya a lokacin, ta yi yekuwar tara kuɗi, Armeniyawan da kisan kiyashin 1915 ya watsa Amurka da Masar da Labanan suka yi karo-karo aka sayi tankoki ƙirar T-34-85, aka rubuta sunan da harufansu a jiki, a 1944 suka shiga fagen daga ta Yukren. Abin da ya fi ja na shi ne shugaban cocin na baya, Khoren, ya rasu 1938 lokacin da Stalin, shugaban Sobiyet, ke murƙushe addini, amma a 1945 sai ga Chorekchian gaban Stalin, aka bari aka zaɓe shi shugaba, makarantar limamai ta Etchmiadzin, hedikwatar cocin, ta sake buɗewa. Wato da tankokin nan coci ta sayi numfashi.

Babin nan na zuba masa duk ƙarfina, da kuɗin aljihuna na biya wani da ya yi karatu a Rasha ya fassara min takardu. Malam ya ajiye fayil ɗin a ƙasan tebur har shatin kofin shayi ya fito a bango, kullum sai ka dawo mako mai zuwa. Kwatsam wani abokina ya turo min jadawalin wani taro, ga hujjata nan sukutum da sunan malam shi kaɗai, ko godiya babu. Na kai kuka wajen shugaban sashe ya ce in yi haƙuri, difens, wato kare kundina, na gabana. Na yi shiru amma wallahi har yau abin na ci na.

Don haka duk babin da za ka miƙa tura ta imel tukuna ya zama akwai kwanan wata. Kar ka bar take don an raina shi.

Babin kuwa na faɗaɗa shi na tura wata mujalla da sunana, suna dubawa.