Yarona mai zaɓen abinci da yadda muka kwashe da shi

Yarona na biyu tun da aka yaye shi ya zama mai zaɓen abinci, tuwo a'a, wake a'a, in ya hango ganye cikin miya sai ya ture kwanon ya kama kuka, abinda ya sani kawai shayi da burodi da safe, indomi da rana, sai biskit da alawa da ake sayo mashi a shagon bakin layinmu nan Ƙofar Marusa. Yayarshi kuwa komi aka ba ta ci take, shi ya sa abin ya ɗaure mani kai, gida ɗaya tukunya ɗaya.

Da na kai shi awo asibitin unguwa ma'aikaciyar ta ɗaura mashi ɗan tef ɗin nan na damtse mai ja da rawaya da kore. Ta ce ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, daga 11.5 zuwa 12.5 rawaya ne, sama da haka kore. Nashi yana kore amma dab da rawaya, sannan ta ja fatar idonshi ta ce jininshi da ɗan sauƙi. Ta ba shi bitamin A wanda ake ba yara duk wata shida daga wata 6 har shekara 5, da maganin tsutsar ciki, sai ta tambaye ni mi yake karyawa da shi. Da na ce shayi ta ce to ki sani ganyen shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin da ke ƙara jini daga abinci, ga sukari kuma yana kashe mashi yunwa. Wallahi jikina ya yi sanyi, don mu nan Katsina tamowa ba labari ba ce, kowa ya san yadda cibiyoyinta ke cika da yara lokacin damina kafin sabon amfani ya shigo gida, waɗancan rashi ne ya kai su, ni kuma ga abinci a gida yaro na neman ramewa.

Abinda na fara yi ba girki ba ne, toshe hanyar kayan kwalama na yi. Yaron da cikinshi bai fi dunƙulen hannunshi ba sosai, in ya ci biskit biyu ya kora da lemon kwalba ƙarfe sha ɗaya, ina zai sa tuwo da azahar? Kuma nan ne aikin yake, don ba da yaron kaɗai kike fama ba, da duk gidan ne. Babansu ba ya shigowa hannu rabbana, ƙannenshi kowa ya dawo da alawa a aljihu, ita kuma Hajiya surukata ba ta iya jin kukan jika. Sai da na zauna da kowa da lalama, na ce wa babansu don Allah in dai tsaraba ce ya riƙo lemu ko ayaba ko kankana, kuma a ba ni in ajiye sai bayan an ci abinci.

Hajiya ita shawararta ɗure ce. Ta ce "ke 'yar nan, duk 'ya'yana da ɗure na raine su, kawo shi nan in matse shi ki ga in bai shanye kokon nan ba." Na ce "Hajiya ki yi haƙuri, a asibiti sun hana." Kuma da gaske nake, ɗure abu ne da na tsana har raina, a danne yaro a toshe mashi hanci yana kuka ana zuba kunu, kunun nan yana iya bin hanyar iska ya faɗa huhu ya jawo ciwon haƙarƙari ko ma a rasa yaron nan take. Ko bai shaƙe ba, yaron da aka saba dannewa da ya ga kofi ko cokali gabanshi ke faɗuwa, to ta yaya zai so abinci? Ba ta ji daɗi ba ranar amma ta bar maganar.

Daga nan na tsaida lokaci, safe da rana da dare da ɗan abin taɓawa sau biyu a tsakani, kuma na daina zuba mashi shi kaɗai. Faranti ɗaya da yayarshi da 'ya'yan maƙwabta in suna nan, kowa ya wanke hannu a zauna kan tabarma, ba waya ba talabijin. In ya ci masha Allah, in bai ci ba na ɗauke ba faɗa ba roƙo, ba kuma dafa indomi a madadi. Kwanakin farko akwai kuka sosai, har ni na riƙa shiga ɗaki ina share hawaye, amma da ya ga yara suna wawaso an kusa cinyewa sai ga hannunshi cikin faranti.

Wani abu da na gane, yaro ya ƙi abu sau ɗaya ko biyu ba shi ne ba ya so ba, masana abincin yara suna cewa wani sai an gabatar mashi da abu sau goma ko fiye kafin ya karɓa. Zogale haka muka yi da shi, ɗan kaɗan a gefen faranti kullum, har ranar da na sa shi ya taya ni tsinke ganyen, ya ga na daka ƙuli na kwaɗa da tumatir da albasa, ya ce nashi ne shi ya dafa, ya ci. Wake da ya ƙi a shinkafa ya karɓe shi a alale da ƙosai, kabewa na dama ta cikin miyar taushe har ta narke. Shayin safe na musanya da kunun gyaɗa, wani lokacin kuma garin da nake haɗawa da gero da waken suya da gyaɗa, a soya kowanne daban a niƙa tare, a dama da ɗan kauri ba tsululu ba, don kunu mai ruwa-ruwa cika ciki kawai yake. Ranar da aka ci wake ko ganye ina bin shi da lemu ko gwaiba ko mangwaro in lokacinshi ne, saboda bitamin C yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin jinin nan. Duk wannan a Babbar Kasuwa ko wajen masu kayan gwari na bakin hanya ake samu, ba sai kayan gwangwani ba.

Amma fa 'yan uwa in yaro yana ramewa, ko ƙafafunshi sun kumbura, ko gudawa ta ƙi tsayawa, ko ya daina wasa, wannan ya wuce zaɓen abinci, asibiti za a nufa ranar.

Da muka koma awo tef ɗin ya matsa cikin kore sosai. Kuɓewa ce har yau bai yarda da ita ba, ina dai ci gaba da sa mashi kaɗan. Yanzu da ya shiga nazare rigimar ta koma kan kuɗin tara, don mai alawa na nan bakin get, sai na daina ba shi kuɗi, ina sa mashi dafaffen ƙwai da dankalin Hausa da ruwa a gora. Gyaɗa da aya guda-guda kam ban fara sa mashi ba tukuna saboda shaƙewa, sai ya ƙara girma.