Tambayar 'Yata Bayan Sujada

Ranar Lahadi, muna dawowa daga coci a Katsina, 'yata ta ce, "Baba, Allah namiji ne?" Na yi shiru har muka wuce Ƙofar Ƙaura, domin Hausarmu ba ta da tsaka-tsaki, ko "ya yi" ko "ta yi".

Da yamma na buɗe mata Yohanna 4:24, inda aka ce Allah Ruhu ne, da Farawa 1:27, wadda ta nuna namiji da mace duka cikin siffarsa aka halicce su. Muna kiransa Uba domin haka Yesu ya koya mana, amma a Ishaya 66:13 Allah ya kwatanta ta'aziyyarsa da ta uwa ga ɗanta. A nan ne ta waiga ta kalli mahaifiyarta, wadda ke tankaɗe a tsakar gida.