Daga Sakkwato zuwa Barbados a kujerar bizines: nutso tukuna, kurket daga baya

Duk wanda zai haɗa nutso cikin teku da kallon wasan kurket a hutu guda, ya sa nutson a farkon tafiya, kurket a ƙarshe. Sauran shirin, daga tikiti har akwati, a kan wannan yake tafiya. Barbados, tsibiri a yankin Karebiyan, na cikin wuraren da abubuwan biyu suke kusa da juna: filin Kensington Oval, inda aka buga wasan ƙarshe na gasar kofin duniya ta kurket a 2007 da na T20 (gajeren nau'in wasan) a 2024, yana cikin Bridgetown, babban birnin ƙasar, kuma gaɓar Carlisle Bay mai nutsattsun jiragen ruwa tana gefen birnin. Mai fasfo ɗin Najeriya ba ya buƙatar biza don shiga ƙasar yawon buɗe ido, amma za a nemi katin allurar shawara da tikitin komawa.

Wahalar tana hanya. Daga filin jirgin saman Sultan Abubakar na III sai ka fara sauka Abuja ko Legas, daga can zuwa Landan kamar awa shida da rabi, daga Landan zuwa filin Grantley Adams na Barbados kuma kusan awa tara. Jiragen Barbados kan bar Landan ne kafin azahar. Jirgin British Airways na Abuja yakan tashi da safe, ya isa bayan sun tafi, ke nan kwana ya kama ka a Landan. Na Legas yakan tashi da dare ya sauka da asuba, sai ka samu haɗin ranar. Don haka Basakkwace ya fi samun sauƙi ta Legas, ko da yake ta fi nisa daga gida. A duba jadawalin ranar da za a yi tafiya kafin a biya, domin lokutan na sauyawa tsakanin rani da hunturun Turai.

Ga maganar biza, wadda ta fi hana mutane hawa jirgi. Ɗan Najeriya na buƙatar bizar yada zango ta Birtaniya ko da ba zai fita daga filin jirgi ba, sai in yana da bizar ziyara ta Birtaniya, ko wani rangwame irin ingantacciyar bizar Amurka ko Kanada. Bizar iri biyu ce. Ta farko, wadda ake kira DATV, ta wanda ba zai wuce jami'an shige da fice ba. Ta biyu ta wanda zai wuce su ya bar ƙasar cikin awa 48. In tikitinka ya ce ka sauka a filin Heathrow na Landan ka tashi daga na Gatwick, ko ka kwana a otal, ko ka karɓi akwatinka ka sake miƙa shi, ta farkon ba za ta yi maka amfani ba. Shi ya sa ake yanke Legas zuwa Barbados a tikiti ɗaya, a filin jirgi ɗaya, a liƙa wa kaya takardar da za ta kai su har ƙarshe. Tikitin Sakkwato zuwa Legas dabam yake, kuma kamfanin waje ba ruwansa da jinkirinsa. A zo Legas kwana ɗaya kafin tafiyar, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu da hazo ke hana jirage sauka a Sakkwato.

Me kuɗin bizines ke saya? Na farko nauyin kaya: a British Airways akwati biyu, kowanne kilo 32. Wannan lissafin daga Legas ya fara aiki. Jirgin cikin gida zai auna ka da nasa ma'aunin, wanda bai kai haka ba, sai ka biya na ƙari. Na biyu barci a miƙe. Ba duka kujerun ne iri ɗaya ba. Sabuwar kujerar Club Suite tana da ƙofa, kowa na fita hanya ba tare da tsallake maƙwabci ba, a tsohon tsarin kuwa wasu kujerun na fuskantar baya, na jikin taga kuma kan tsallake ƙafafun wani. Taswirar kujerun jirgin za ta nuna maka wanne ne. A zangon dare ka ci abinci a zauren jira na filin jirgi, ka gaya wa ma'aikata kada su tashe ka, domin awa shidan ba ta isa a raba ta tsakanin tire da barci ba. Abincin halal ana neman sa ta shafin kamfanin aƙalla awa 24 kafin tashi, a kowane zango. Za a yi ta miƙo giya tun kafin jirgi ya ɗaga. Ka nemi ruwa, ka yawaita shi, saboda iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, jiki mai ƙarancin ruwa kuma ya fi saurin samun matsala a nutso.

Abin da kujerar ba ta sauya ba shi ne matsin iskar cikin jirgin. Gaba da baya duk ɗaya ne, kwatankwacin kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400. A nan dalilin jerin kwanakin yake. A zurfin mita 10 matsin da ke kan jiki ya ninka na bakin ruwa, a mita 30 ya kai ninki huɗu, kuma iskar naitirojin da kake shaƙa daga tukunyar iskar da kake goye da ita tana narkewa cikin jini da tsoka gwargwadon zurfi da daɗewa. Bayan ka fito tana fita a hankali ta numfashi. In ka hau jirgi kafin ta gama fita, raguwar matsi na sa ta yi kumfa a jiki, kamar kwalbar lemo da aka ɓalle wa murfi da gaggawa. Alamun su ne ciwon gaɓoɓi, musamman kafaɗa da gwiwar hannu, kasala mai tsanani, jiri, ƙaiƙayin fata, sanƙarewar hannu ko ƙafa. Maganinsa iskar oksijin tsantsa da ɗakin matsi na musamman, kuma a tsakiyar Atilantika babu inda jirgi zai sauka da wuri. Ƙa'idar DAN, ƙungiyar da ke kula da lafiyar masu nutso, ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere, fiye da haka sosai in nutson ya buƙaci tsayawar dole a hanyar fitowa. Yawancin malaman nutso awa 24 suke cewa. Wasan T20 awa uku ne da 'yan kai, na kwana ɗaya yakan ci yini, na Test kuwa har kwana biyar. Ko wanne ka samu, ranar da za ka ware wa kallon wasan ita ce jiran da jikinka ke buƙata, ba ka yi asarar kwana ba.

Ranar da ka sauka ma ba ta nutso ba ce. Barbados na bayan Najeriya da awa biyar, za ka farka tsakar dare kana jin gari ya waye. Ka huta kwana guda, ka fara da Carlisle Bay, inda jiragen ba su da zurfi, mai takardar shaidar koyon nutso ta matakin farko da iyakarsa mita 18 zai gan su. Stavronikita, jirgin dakon kaya na Girka da aka nutsar da gangan a 1978, ƙasansa na kusan mita 40, ba na sabon shiga ba ne.

Tun a gida akwai abu biyu da suka shafe mu fiye da Bature. Mai ciwon sikila ba ya nutso da tukunya, wanda kuma jininsa AS ne, ko mai asma, ko hawan jini, ya ga likita ya kawo takarda. Ana iya yin gwajin a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Na biyu mura. Lokacin ranin Barbados, Disamba zuwa Mayu, ya haɗa da hunturunmu, mutum ya taso da hanci a toshe. Hanyar da ke daidaita iskar kunne ta bayan hanci take. In ta toshe, tun a mita biyu ko uku kunne zai fara zafi, wanda ya matsa kuma yana iya fasa dodon kunne. Shan maganin buɗe hanci kafin shiga ruwa dabara ce mai haɗari, domin yana iya sakin ka kana ƙasa, iskar ta kasa fita lokacin hawowa. Wanda bai taɓa koyo ba ya san cewa za a sa shi iyo na mita 200 da zama a saman ruwa minti 10 kafin a ba shi takarda.

A shirya kaya haka. Tukunyar iska da dalmar nauyi a bar su, can ake haya. Tukunya ba ta hawa jirgi sai babu komai ciki. Na'urar shaƙar iska, agogon nutso da gilashin fuska, musamman mai ƙarfin ido na likita, su shiga jakar hannu, don in akwati ya makara su ne masu wuyar samun madadi. Bakin tukwane iri biyu ne, mai zare da ake kira DIN da mai maƙalawa, na biyun ne ya fi yawa a Karebiyan, saboda haka mai DIN ya riƙe mahaɗi. Wuƙar nutso cikin akwati. Sandar kurket, in ka saya a can don tsaraba ko a sa maka hannu, ita ma akwati za ta shiga, ba a yarda da ita a hannu ba. Batiran litiyam na ajiya kuwa akasin haka: a hannu kawai, a rufe bakinsu da salatif, waɗanda ba su haura Wh 100 ba (ma'aunin ƙarfin batir) su wuce lafiya, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfani. Tocilan nutso a cire mata batir, tana zafi ƙwarai in ta kunnu ba cikin ruwa ba. Kwanson kyamara kada a kulle shi. A cire zoben robar ƙofar a sa a leda, in ba haka ba iska ta fita a sama, a ƙasa ya manne ya ƙi buɗuwa. Ruwan na da ɗumi, rigar nutso mai kauri milimita 3 ta wadatar. Kwanakin kurket su ne kuma na shanya ta, don jiƙaƙƙen kaya na ƙara kilo, ga wari.

Jadawalin wasa shi ake fara dubawa kafin tikitin jirgi, tunda ba kowane wata ake wasa a Kensington Oval ba. Gasar CPL, ta kurket ɗin T20 a Karebiyan, takan faɗo wajen Agusta da Satumba, tsakiyar lokacin guguwa da ke tafiya daga Yuni zuwa Nuwamba, don haka mai zuwa dominta ya yanki tikitin da ake iya sauya wa rana, ya kuma tabbata inshorarsa ta ambaci nutso da zurfin da zai kai, domin ta tafiya zalla sau da yawa ba ta biyan ɗakin matsi. In wasa ya faɗo ranar Juma'a, masallacin Jumma da ke titin Kensington New Road ba shi da nisa da filin.