Daren da na kulle yarana ta waje

Har yau in na ga kwaɗon ƙofar nan sai gabana ya faɗi wallahi. Mahaifiyata aka kwantar a asibiti, maigidan ya yi tafiya, ba mai kwana da ita sai ni. Babbar 'yata shekararta 14, akwai hankali, ita ke tuna min lokacin maganin ƙaninta ma, sai na ce ai dare ɗaya ne, ta isa. Na bar musu waya cike da caji, na ce kar a taɓa gas, sannan na ja ƙofa na datse da kwaɗo ta waje na jefa makullin a jaka. Ɓarawo kawai nake tunani, sam bai zo min a rai ba cewa su ne za su nemi fita.

Wajen ƙarfe 2 na dare asmar ƙaramin ta tashi. Yayar ta zaunar da shi, ta shaƙa mai inhela yadda na koya mata, abin bai lafa ba, ta kira ni tana cewa "Umma ƙirjinsa na ƙara, ƙofa kuma a rufe", ni ina can makulli na hannuna kamar in yi tsuntsuwa. Ta taga ta dinga ƙwala wa maƙwabcinmu kira, mutumin da ko sanar da shi ban yi ba cewa yara su kaɗai ne, shi ya ɓalle kwaɗon da guduma ya kai shi asibiti. Alhamdulillah ya samu sauƙi.

Daga baya na karanta cewa a Ingila doka ba ta yanke shekaru ba, amma ƙungiyar kare yara ta NSPCC ta ce kar a bar yaron da bai kai 16 ba ya kwana shi kaɗai. Na yarda da su yanzu, musamman in akwai ƙani mara lafiya, don kula da kai daban, ɗaukar ran wani a wuya daban. Yarinyar ta yi duk abin da ya dace, ni ce na toshe mata hanya.

In ya zama dole, don Allah a bar makulli a ciki, a gaya wa babba ɗaya na kusa, a rubuta lambarsa a takarda. 'Yar tawa ta fi wata guda ba ta iya barci sai ta je ta taɓa ƙofa ta tabbatar tana buɗuwa.