Bai bar mu ba

Duk wanda ya zauna Yamai a watan Agusta na 2023 ya san abin da aka sha. CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Najeriya ta yanke wuta, iyakar Gaya a rufe. Maigidana direba ne, motarsa ta maƙale a Malanbil, a tsallaken iyakar ta ɓangaren Benin, babu shiga babu fita. Ga Inna da ciwon suga, allurarta kuwa sai a firji.

Wani dare na durƙusa, bakina ya kasa addu'a, sai hawaye. Da safe maƙwabciyarmu Hajiya, mai sola, ta leƙo: "Maman Yara, kawo maganin Inna in ajiye miki." Ban taɓa gaya mata ba, wallahi. Ranar Lahadi matan zumunta suka zo da tiya biyu ta hatsi, su da kansu ba su da shi.

Fasto ya yi wa'azi kan gwauruwar Zarefat ta cikin Littafi Mai Tsarki, wadda garin abincinta da man girkinta ba su ƙare ba. Namu ma bai taɓa cika kwano ba, amma yara ba su kwana da yunwa ba. Yesu ya riƙe mu. Yau Inna ce ta ja waƙa a sujada, da muryarta mai rawa.