Inda Na Kai a Aikin Toshe Hanyar Ɓera da Gara

'Yan'uwa masu koyon kafinta, barkanmu da aiki. Wannan makon ƙyauren kicin da tagogi na sa a gaba, domin na lura yawancin abin da ke addabar mutane a ɗaki ta kafar da mu masu aikin hannu muka bari yake shigowa.

Da gindin ƙofa na fara. Ratar da fensir zai shige, wato wajen milimita 6, ta ishi ƙaramin ɓera ya kutsa. Na yanko fallen kwano mai faɗin yatsu huɗu, na buga shi a ƙasan ƙyauren har ya kusa shafar dokin ƙofa. Roba ta fi sauƙin sawa, amma ɓera gaigaye ta yake yi. Ba na ɗaukar wannan aiki da wasa, saboda zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno a yau, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, kuma ya fi ƙamari da rani. Hudar da mai famfo ya yi wa bututu ma na cike ta da siminti, tsumma ba ya tare komai, kuma nan ce hanyar kyankyaso.

Ragar taga ba ta ba ni wuya ba. Ku dai ja ta ta miƙe sosai, ku danne bakinta da siririn katako, don ƙusa kaɗai yaga ta take yi, sauro ya samu mashiga.

Gara ce ta fi cin lokacina. Daga ƙasa take tasowa, tana gina siririyar hanyar laka a jikin bango, ta cinye katako ta ciki, waje kuwa lafiya lau. Ku ƙwanƙwasa firam da ƙotar guduma, in kun ji kamar fanko, ta riga ku. Sabon da na haɗa, sai da na shafe shi da maganin gara, musamman bakin da zarto ya yanka, don nan ya fi shan magani, sannan na ɗora ƙafarsa kan siminti, ba ta taɓa ƙasa ba. Danshi ke jawo ta, shi ya sa na matsar da randa daga jikinsa.

Mako mai zuwa tsohon gadon katako zan kwance, irin wanda ake saya na hannu, domin kuɗin cizo a mahaɗarsa yake ɓuya. Wanda ya taɓa gwada tafasasshen ruwa a kansu ba tare da katakon ya kumbura ba, ya faɗa mini yadda ya yi.