Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da Kawu Ya Ce Olsa Ce

A makon jiya na tsaya a inda Kawu ya damƙa mini makullin shagonsa na biyu a Kantin Kwari. Watannin da suka biyo baya babu wani labari a cikinsu sai ciniki da bin bashi, don haka zan tsallake da ku zuwa ƙarshen 2013, shekarar da aka hana acaɓa a Kano.

Mun idar da sallar la'asar ke nan, sai na ga Kawu ya bar kujerarsa ya zauna a kan dilar atamfa. Sanyin hunturu ya fara shigowa, amma gumi ya jiƙe masa wuyan riga sharkaf. Ya dafe tsakiyar ƙirjinsa da tafin hannu, ya ce ji yake kamar an ɗora masa buhun siminti, kuma ciwon yana gangarawa hannun hagu, yana hawa har muƙamuƙi.

"Olsar nan ce ta motsa. Je ka kemis ka karɓo mini maganin nan na ruwa, ka haɗo da madara."

Olsar da babu likitan da ya taɓa cewa yana da ita, shi ya yanke wa kansa. Abin da aka tabbatar masa shi ne hawan jini da ciwon suga, su kuwa sai ya ga dama yake shan maganinsu.

Maƙwabcinmu mai sayar da shadda, dattijon da rediyo ba ta rabuwa da kunnensa, shi ya tare ni a bakin ƙofa. Ya dubi Kawu ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, wannan ba ta kemis ba ce. Na ji wani likita ya lissafa alamomin nan ɗaya bayan ɗaya, bugun zuciya ne. Tashi mu tafi asibiti." Kawu ya ce a bari sai an rufe kasuwa. Dattijon bai ko tanka masa ba. Ya tambaye shi ko ya taɓa aman jini, ko asfirin yana yi masa illa, ya ce a'a. Aka kawo ƙwaya ɗaya mai miligiram 300, ya ce ya tauna ta kafin ya haɗiye.

Motar asibiti ko a ran wani ba ta zo ba. Adaidaita Sahu muka tsayar, muka kutsa cikin cunkoson yamma, ina riƙe da kafaɗarsa. Ƙaramin asibitin da muka fara shiga ba su da na'urar ECG, wadda ake duba aikin zuciya da ita. Allah Ya saka wa nas ɗin nan da alheri, ba ta tsaya buɗe mana kati ko ɗaura ruwa ba, ta ce mu wuce babban asibiti yanzu-yanzu.

A can aka manna masa wayoyi a ƙirji, takarda ta fito, likita ya duba sau ɗaya, sai kowa ya shiga sauri. Bayan ƙura ta lafa ya zaunar da ni da Hajiya. Ya ce zuciya tana da nata jijiyoyin da ke kai mata jini. Kitse yakan taru a jikin jijiyar a hankali, wata rana ya tsage, jini ya dunƙule a wurin ya toshe hanya. Kafin rabin awa naman zuciyar ya fara mutuwa, wanda ya mutu kuma ba ya dawowa. Allurar da ke narkar da gudan jinin ta fi aiki a sa'o'in farko, idan an wuce awa 12 amfaninta kaɗan ne. Ya ƙara da cewa mata da masu ciwon suga wani lokaci ba sa ma jin ciwon ƙirji sosai, sai kasala da tashin zuciya da haki. Hajiya ta yi salati, ta ce haka yayarta ta yi kafin ta rasu, aka ce iska ce.

Kuɗin allurar 'yan layinmu ne suka haɗa kafin isha'i, kowa ya zaro daga cinikin ranar.

Tun daga lokacin, duk 29 ga Satumba, Ranar Zuciya ta Duniya, nakan ga hotunan tattaki da jajayen riguna da allunan Turanci. Ba na raina ƙoƙarinsu, amma Kawu ba ya karanta allo, ire-irensa kuma su suka cika kasuwa. Wanda ya isa gare shi likita ne da ya zauna a gidan rediyo ya yi bayani da Hausa, wani dattijo ya riƙe. Da ni ake shawara, da limamai da shugabannin kasuwa da direbobin Adaidaita za a fara koya wa alamomin nan, tunda a hannunsu mutum yake faɗuwa.

Da aka sallami Kawu, likita ya hana shi kasuwa na wasu makonni, ya haɗa shi da tarin ƙwayoyi da dokar rage gishiri da mai. Nan maganar wanda zai riƙe shagunan biyu ta taso, babban ɗansa kuwa ya dawo daga Kaduna da nasa lissafin. Yadda muka kwashe da shi, sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.